Ƙarfen da Aka Gina a Tsaye

Auta ta san aikinta, wannan kam ba musu. Shekara shida tana kan injin nan mai gina kayan titaniyom daga garin ƙarfe: ya shimfiɗa garin, haske ya narkar, ya sake shimfiɗawa, hawa kan hawa, har abu ya tashi. To amma ilimi in ya haɗu da gaggawa, ai sai addu'a.

Yayanta ne ya rasa ƙafar hagu a hatsarin babur. Sai da ya shekara biyu kafin ya yarda ya taka ƙafar roba, ita ma ƙarfen idon sawunta nauyi gare shi. Auta ta ce, "Yaya, bar ni da shi. Zan gina maka mara nauyi."

Ta gina 'yan ƙarafan gwaji biyar a kwance, na'ura ta ja su iya ja, ko gezau. Shi kuwa ainihin ƙarfen ya ƙi shiga farantin injin a kwance, sai ta tsayar da shi.

Tsohon da ke kula da ɗakin gwaji ya ce, "'Yata, na kwance kika gwada. Na tsaye a tsakanin hawa da hawa yake rauni. Gina ɗaya a tsaye mu ja shi."

"Baba, titaniyom ne fa, ba gwangwani ba," in ji ta tana dariya. Ta riga ta ce wa Yaya ran Asabar za ta kai masa, ba ta son ta ji kunya.

Wata biyu Yaya yana yawonsa, har da tsokanar matarsa wai su yi tsere. Ran nan yana saukowa daga bene, ƙarfen ya ce ƙas! Matakala tara ya gangaro, kafaɗa ta karye.

Auta ta duba guntayen a ƙarƙashin gilashi mai ƙara girman abu. Tsagar ta bi hawa ɗaya tiryan-tiryan, kamar an yanka da wuƙa. Nan ta zauna ta yi kuka mai isarta. Abin da ya fi ci mata rai, duk wanda ya zo dubiya Yaya sai ya ce santsi ne ya kwashe shi.

Ta koma ta gina goma a tsaye, masu kauri. Tara ta ba tsohon ya azabtar har ya gamsu, ta kai wa Yaya na goman.

Ya juya shi a hannu, ya yi murmushi. "Ya yi kyau, Auta. Allah ya yi miki albarka." Sannan ya miƙa wa matarsa ya ce ta adana masa a kabad.

Shekara uku ke nan, bai sake tsayawa da ƙafa biyu ba.