Kaskon Baba Sambo

Baba Sambo yana tsugune yana hura garwashin kasko, tari ya sarƙe shi, sai ga Surayya ta yi sallama. Ma'aikaciyar adana kayan tarihi ce daga Birnin Kebbi. Wannan ne zuwanta na biyu ɗakin ƙasar da ya gada a Gwandu, inda rigar yaƙin kakan kakansa take rataye kusa da wata tsohuwar garkuwa.

"Baba, tarin nan bai sake ka ba?"

"Ni? Yarinya, sanƙarau ta kwashe sa'annina ta bar ni. Jirgi ya kife da mu a gulbi, na fito da hulata a ka. Tari ne zai kayar da ni?"

Ba ta yi musu ba. Wancan zuwan ta ce masa rigar tana ƙara baƙi, zarenta yana marmashewa, kuma in abin bai tsaya ba, za su roƙi dangi a kai ta birni a sa a gilashi. Shi kuwa ya rantse hayaƙin manyan motocin Kalgo ne, masu dakon shinkafa. Sai ta rataya fararen ƙyallaye biyu, ɗaya a tagar da ke kallon titi, ɗaya a kan rigar, ta tafi.

Yanzu ta sauko da su ta shimfiɗa a kan tabarma. Na taga ya ɗan yi ja kawai. Na kan rigar kuwa kamar an goge gindin tukunya da shi.

"Ba motoci ba ne, Baba. Turaren nan ne. Ɗakin ba ya shan iska, hayaƙin ba ya fita, sai ya kwanta a jikin zare."

Ya daɗe yana kallon ƙyallen. Kowace safiya yakan turara rigar, yadda ya ga mahaifinsa yana yi, don girmamawa, don kuma asu kada ya ci ta.

"Wato ni ne na ci ta."

"Ban ce haka ba."

"Ƙyallenki ya ce."

Inno, matarsa, ta leƙo daga ƙofa. "Malam, da ma za ta rataya maka ɗaya a ƙirji, mu ga launinsa."

Bai kula ta ba. Ya juya ga Surayya.

"In na daina, za ki bar mini ita?"

"Zan bar ta. Maganin asu kuma ni zan kawo."

Ya naɗe hannunsa da bakin rigar jikinsa, ya ɗauki kaskon, ya fita da shi a hankali har gindin darbejiyar bakin titi. Ya zauna. Ragowar turaren yana cikin aljihunsa, kuma bai iya zubar da abin gado ba, sai ya barbaɗa shi a wuta.

Wata motar shinkafa ta wuce, iskarta ta ja hayaƙin ta bi da shi.

"Je ki da shi Kalgo," in ji Baba Sambo. "Na daɗe ina zaginku a banza."