Zanen Fuskar Habboba

Tun da suka dawo Umdurman, Inna Hadizatu ba ta kwance jakarta ba. Jakar na nan jingine a bakin ƙofar ɗaki, ɗaure da igiyar da aka ɗauro ta da ita daga Gadarif, inda suka yi zaman gudun yaƙi a gidan ƙanwarta Karima.

"Inna, in jera miki kayan a kwaba?" 'yarta Duha ta tambaye ta a ranar farko.

"Wace kwaba?" in ji Inna.

Da gaskiyarta. Waɗanda suka shiga gidan a bayansu ba su bar kwaba ba, ba su bar gado ba, har wayoyin lantarki sun zare daga cikin bango. Amma Inna ba ta taɓa yin maganar gado ko tukunya ba. Albam ɗin hotunanta da aka tafi da shi kawai take ambata, wanda ta fara haɗawa tun tana amarya. Da ƙaro take manna hotuna, a gefen kowanne kuma ta liƙa wani abu: ƙyallen laffayar aurenta, 'yar kaɗar da ta tsinko a gonar Jazira inda iyayenta suka yi ƙwadago, zaren da aka ɗaura wa Duha a hannu ranar suna. Ya kumbura har ba ya rufuwa.

"Bayan Sallah zan koma wurin Karima," Inna ta ce wata safiya, tana juya shayi. "Nan ba gidana ba ne, bango ne kawai."

Duha ta san abin da zai biyo baya. Yayanta da ke ƙasar waje ya riga ya faɗa a waya: in Inna ta tafi, a sayar da gidan, don mace ɗaya ba za ta zauna a kango ba. Ita kuwa Duha duk tsawon gudun nan, wannan tsakar gidan da bishiyar lemun tsaminsa take gani in ta rufe ido.

Sai ta shiga roƙon dangi. Duk wanda ya taɓa ɗaukar wani shafi na albam ɗin a waya, ko yake da tsohon hoto a ƙasan akwati, ya turo. Wasu suka turo, wasu suka ce an ƙwace wayar a shingen hanya. Da ta tara abin da ya samu, ta tashi daga makarantar da take koyarwa, ta shiga hafila, motar haya, ta haye gada zuwa Khartoum, ta nufi wani shagon buga hotuna da aka sake buɗewa tsakanin gine-gine masu baƙin hayaƙi.

Mai shagon, Walid, saurayi ne siriri mai jajayen idanu irin na wanda barci ke bi bashi. Ya tura mata kujera da kofin shayi.

"Zamanin manne-manne ya wuce, ya ustaza," ya ce. "Littafi zan buga miki, mai bango mai ƙarfi. Ba ya ɓantarewa, gara ba ta cin sa. In an sake sacewa, ina da shi a kwamfuta."

"In an sace kwamfutar fa?"

"An riga an sace ɗaya. Wannan ta ƙanwata ce."

Ta yi dariya, ta ji dariyar baƙuwa a bakinta. Sau da yawa ta yi ta zarya a kan gadar nan, yau babu wuta, gobe babu man janareta, jibi takarda ba ta iso ba. A zuwan ƙarshe ya nuna mata tsofaffin hotunan, duk sun yi tabo da karce.

"Akwai manhajar da ke wanke su tas. In saka su?"

"Yi yadda ka gani," ta ce, kanta jingine da bango, idonta a lumshe.

Ranar da ta kawo littafin, Inna na zaune a tabarma ƙarƙashin lemun, la'asar ta yi sanyi. Duha ta ɗora mata shi a cinya, kamar yarinyar da ta kawo sakamakon jarrabawa. Inna ta shafa bangon, ta shinshina shi, ta ce yana warin asibiti. Ta buɗe. Ga Baba, Allah ya jiƙansa, da rawaninsa a ƙofar masana'antar Bahri. Ga Duha ba haƙora. Inna na wucewa a hankali, ba yabo ba fallasa, har ta zo shafin tsakiya, inda Duha ta sa a buga hoto ɗaya ya cika shafi.

"Wace ce wannan?"

"Habboba ce, Inna. Mahaifiyarki."

"Wannan ba uwata ba ce. Wannan mai tallan man shafawa ce."

Duha ta sunkuya ta duba. Mayafin na kakarta Mariyamu ne, wadda suke kira Habboba, idanun ma nata ne. Amma fuskar ta yi sumul kamar ƙwai. Zane uku-uku da ke gefen bakinta, waɗanda Duha ke bi da yatsa tana ƙarama, babu su. Manhajar ta ɗauke su karce ne, ta share.

"Zan mayar masa gobe, ya gyara," in ji Duha.

Inna ta rufe littafin. "Bar shi. Kin gaji, ni ma na gaji."

Duha ta koma bakin rijiyar da ba ruwa ta zauna. Ko kuka ba ta da ƙarfin yi. Ta tuna gadar, da zafin hafila, da shayin Walid, ta ji duk a banza. Ta fara tunanin wa zai sayi gida babu ƙofofi.

Sai ta ji gurnani daga bakin ɗaki. Inna ce durƙushe a gaban jakar, tana fama da ƙullin igiya da haƙora.

"Tsayawa za ki yi kina kallona? Kawo wuƙa."

Igiyar ta yanke. Inna ta shiga fito da kaya tana zubarwa a tabarma: laffaya, carbi, kwalbar humra, takalman Baba da Duha ba ta san an gudu da su ba. Can ƙasa ta zaro ɗan tandun kwalli. Ta dawo ta buɗe shafin tsakiya, ta tsoma tsinke, ta ja layi a gefen bakin hoton. Takardar mai sheƙi ce, kwallin ya zame ya yi dabbare.

"Takardarku ma ba ta riƙe komai," ta ce. Ta goge da bakin mayafi, ta ɗiga humra a tafin hannu ta kwaɓa kwallin, ta sake ja. Wannan karon ya zauna.

"Tana 'yar mitsitsiya aka yi mata su, kafin su taso daga can yamma da ƙafa za su Makka," Inna ta ce, ba ta ɗago ba. "Don in ta ɓace a hanya, a san 'yar wane gida ce. Makkan ba su kai ba, auduga ta riƙe su. Amma ba ta ɓace ba."

Ta gama ukun dama, ta koma hagu. Ɗaya ya karkace, ta bar shi haka. Ta ɗaga littafin nesa da fuskarta, ta daɗe tana kallo, leɓenta na motsi.

"Sannu, Iya," ta ce a hankali.

Duha ta share ido da bayan hannu. Ƙamshin humra ya cika tsakar gidan.

Inna ta waiwaya ta ga kayanta warwatse a tabarma, ta ja tsaki.

"Nemo ƙusa ki buga a bangon ɗakina, laffayata ba za ta zauna a ƙasa ba. Kuma gobe in za ki makaranta, ki biya kasuwa ki sayo min ƙaro. Yaron nan ya bar wuri da yawa a gefen hotunan."