Shingen Ƙaya a Kufan Maƙera

Duk wanda ya san Zulfa ya san ba ta da tsoron rana, ba ta da tsoron hanya, amma tana tsoron katafila. Ma'aikaciyar kula da wuraren tarihi ce, aikinta zagaya tsofaffin kufai na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ta ga abin da ruwa ya ci, da abin da mutum ya ci. Kuma in ka tambaye ta, mutum ya fi ruwa ci.

A cikin wuraren nan babu wanda ya kwanta mata a rai kamar Kufan Maƙera, a bayan Pauwa. Ba wani abin kallo ba ne, in gaskiya za a faɗa: tudu ne mai cike da kashin tama, wato dattin da ke saura in an narka ƙarfe, a ƙarƙashinsa kuma akwai murahun yumɓu waɗanda mutanen da can suka narka ƙarfe a cikinsu tun kafin a haifi kakan kakan kowa. Ita ta kafa wa wurin turaku ta shafa musu jan fenti. Matsalar ɗaya ce, masu haƙar farar ƙasa sun yi sansani a gefensa, kuma ramin nasu kullum matsowa yake.

Damina ta zo, hanya ta ƙi lafiya, aka hana ma'aikata fita. Sai da aka fara yankan gero ta samu zuwa.

Abin da take gudu shi ta tarar. Sawun katafila ya bi ta kan turakunta ya kwantar da su, ya hau gindin tudun. A can sama ga sabuwar ƙasa an tara, an kewaye wurin da shingen ƙaya. Zulfa ta tsaya cak. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ta ji kamar ta zauna a ƙasa ta yi kuka.

Baba Gide, dattijon da gonarsa ke iyaka da kufan, ya ajiye laujensa ya taho.

"Hajiya, sannu da hanya. Mi ya same ki kika tsaya haka?"

"Baba, sun gama da wurin ke nan?"

"Wa? Lawwali? Bari in kira miki shi, ki ji da kunnenki. Ai wanga yaro ya ga ta kansa."

Lawwali shi ne shugaban masu haƙar, ƙato mai murya kamar ganga, wanda a bara ya ce mata tarihi ba ya cika tifa. Yau kuwa sai ga shi ya iso da hula a hannu, ya rame, yana magana ƙasa-ƙasa.

"Hajiya, ƙaddara ce. Wallahi ba mu san maƙabarta ba ce."

"Maƙabarta?"

Ya kwashe labari ya faɗa mata. Direba ya kafa haƙorin katafila sau ɗaya, sai ga gefen wata babbar tukunya a kife, ga wata a jikinta, a jere. To, duk ɗan da ya taɓa raka gawa a ƙasar nan ya san da tukwane ake rufe ramin cikin kabari kafin a tura ƙasa. Direba ya yi salati, ya kashe inji, ya diro. Ba wanda ya yarda ya leƙa. Da hannu suka mayar da ƙasar, suka yayyafa ruwa, aka kira liman ya yi addu'a, aka sari ƙaya aka kewaye tudun duka. A gaban liman da jama'a Lawwali ya rantse cewa muddin shi ke da wurin, ƙarfen katafilarsa ba zai ƙetare shingen nan ba.

"Tun ran nan abinci bai yi mini daɗi ba," in ji shi. "Na tone bayin Allah suna kwance."

Zulfa ta buɗe ƙaya ta shiga. Ta durƙusa, ta share ƙasa a hankali da tafin hannu har bakin yumɓun ya fito. Ƙonanne ne, baƙi ƙirin daga ciki, kashin tama manne da shi. Bangon murhu ne, ɗan gefensa kawai ya ɓalle. Ta bi sauran tudun tana dubawa, ko'ina lafiya lau, ƙayar ma ta hana shanu da awaki hawa. Ta sauke ajiyar zuciya, ta yi hamdala a fili, har da 'yar dariya da ƙwalla.

Sai kuma dariyar ta tsaya. In ta yi shiru, wurin ya tsira har abada, don ba mai haƙa kabari. In ta faɗi gaskiya, ga katafila can a fake, ga farar ƙasa a ƙarƙashin tudu. Ta dubi Lawwali, ƙaton mutum ya zama abin tausayi a kan laifin da bai yi ba. Zuciyarta ta ce yi shiru, ta ce wa zuciyar a'a, ramin ƙarya ƙurarre ne.

"Malam Lawwali, ba kabari ka taɓa ba. Murhun maƙeran da can ne. Babu kowa a ciki."

Ya zura mata ido. "Ki ce wallahi."

"Wallahi."

Mutumin nan sai ya zauna daɓas a kan ƙasa, ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa na rawa. Da ya ɗago, muryar gangar ta dawo.

"Alhamdu lillahi! Yau zan ci tuwo!"

Zulfa ta nuna ƙayar. "To, shingen fa?"

"Shinge shina nan. Ni ban ce kabari ba, Hajiya, cewa na yi ƙarhena ba ya ƙetare ƙayar nan, kuma gari duka ya ji. In na tashe ta, da wane ido zan dubi liman? Mu yi gabas da haƙarmu."

Sai a lokacin hankalin Zulfa ya kwanta. Lawwali ya miƙe yana kakkaɓe riga, sai ya tsaya.

"Baba, addu'ar da muka yi fa? Ta tahi a banza ke nan?"

Baba Gide ya ɗauki laujensa, ya dubi tudun.

"Waɗanda suka hura wutar nan su suka yi wa kakanninmu fartanya. Tun da suka tahi, wa ya taɓa tuna su? Bar ta, Allah Ya san inda zai kai ta."

Zulfa ta ɗaga turken farko daga cikin sawun katafila, Lawwali ya karɓa ya kafa shi da kansa a jikin ƙayar.