Olsar Malam Yero

Kawu Ashiru ya fito daga ɗakin yayansa yana sakace.

"Ka gaya masa?" in ji Amatullah.

"Mun dai kusa. Sai aka kawo dambun nama."

Amatullah ta dafe kai. Sai da ta zaunar da mutumin nan ta koya masa abin da zai faɗa har ya haddace: ƙarin da ke hantar mahaifinta, Malam Yero, ciwon daji ne, cibiyar binciken da take aiki a Turai ta ba shi gurbi a gwajin sabon magani, ba za a ɗauke shi ba sai ya san ciwonsa ya yarda da bakinsa, kuma yau za a rufe rajista. Amma kaf zuri'arsu a unguwar Ɗan Iya ba a kiran irin wannan ciwo a gaban mai shi. Olsa ake cewa, likita ma an roƙe shi ya ce olsa. Kafin ta tura Kawu, ta tura liman, ya fito da turare. Gwaggo ta shiga da kuka, ta fito da labarin farashin taki a ƙauyen Inkil.

Ita kuwa 'yar fari ce, ko sunanta uban ba ya kamawa. Haushi da tsoro suka tura ta ciki.

"Likita," in ji uban, don haka yake kiranta, "zauna ga fura. Wai me kuke yi ne a can?"

"Baba, sojojin jinin mutum muke ɗiba, mu horar da su, mu mayar su yaƙi ƙari. Matsalar, in sun shiga sai ƙarin ya lallashe su, jikinsu ya mutu, su manta abin da ya kawo su. Muna neman waɗanda ba sa lallasuwa."

"Ashe ku ma kuna da Ashiru."

Ta ɗago. Tsohon yana dariya, hannunsa dafe da haƙarƙari.

"Kowa ya shigo da fuskar ta'aziyya sai in cika masa baki. Kaji sun ƙare a gidan nan, ba a samu mai ƙin ci ba." Ya miƙo mata ludayi. "Sha mana."

Furar ta ji nono, irin wadda take so tun tana yarinya. Ta ture kwanon gefe.

"Baba, ba olsa ba ce. Daji ne."

Ya gyara zaman hularsa.

"To, Amatullah. Kira mutanen naki."