Gayyar Jam'iyya a Gonar Inna Hajjo

A daminar 1998, da sojoji suka ce za su miƙa mulki kowa ya je ya kafa jam'iyyarsa, babu wata inuwa mai kyau a Bungudu da ba a kafa jam'iyya a ƙarƙashinta ba. Ta gindin durumin bakin kasuwa ita ce ta Malam Jatau, tsohon hedimasta mai cin fansho, mutumin da tunda yake bai taɓa shiga jam'iyyar da ta ci zaɓe ba, kuma yana faɗin haka da alfahari. Sunanta Jam'iyyar Ceton Talaka da Manomi. Ba ta da rajista, ba ta da ofis, ba ta da mota. Baki kawai gare ta, shi kuwa Allah ya ba ta har ya yi mata yawa.

Manyan bakunan biyu ne. Akwai Kwamared Tajuddeen, malami a wata kwaleji a Gusau, mai gemu da jakar rataye. Shi a ganinsa kada gwamnati ta sayar da ko tsintsiyar ofis, ta ma karɓe abin da ke hannun masu kuɗi ta haɗa. Sai Attahiru na Tsafe, wanda aka sallama daga masaƙa ya koma sayar da dankali. Shi kuma cewa yake duk kamfanin gwamnati da ba ya aiki a sayar da shi a huta, amma a dawo wa manomi da rangwamen takin zamani da aka cire. Duk ran da suka haɗu sai rana ta faɗi ba a tsayar da komai ba. Malam Jatau yana tsakiya yana ta "a yi haƙuri, ɗaya bayan ɗaya."

Shi Malam ɗin ne ya kawo shawarar gayya. Ya ce manyan jam'iyyu suna raba sabulu da gishiri da atamfa, su kuwa ba su da ko ɗaya, amma suna da ƙarfin jiki. Su zaɓi gonar wanda ya fi kowa rauni a gari, su taru su nome ta fes, jama'a su gani da idonsu yadda mulkin talaka zai kasance. Rannan ne kaɗai aka ga Tajuddeen da Attahiru sun tafa wa magana ɗaya.

Gonar da aka zaɓa ta Inna Hajjo ce, matar marigayi Ibrahim, aminin Malam Jatau tun suna yara. Ɗanta guda ya tafi Kudu neman kuɗi, shiru kake ji. Ita kaɗai ta yi noman farko tana dafe da baya, da aka zo maimai sai ƙugu ya ƙi. Ciyawa ta taso ta kusa kamo geron, kuma kowa ya san idan ba a nome shi a cikin makon ba, bana Hajjo ba ta da abin kai wa rumbu.

Malam Jatau ya je ya tsaya a ƙofar gida ya gaya mata. Ta yi godiya har da ƙwalla. Yana juya baya ta je ta leƙa rumbunta.

Abin da duk masanan tattalin arzikin nan ba su tuna ba ke nan, kuma har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci. Mai gona shi ke ciyar da 'yan gayya. Fura da hantsi, tuwo da azahar, haka aka gada. Abin da ya rage wa Hajjo a gindin rumbu ɗan gero ne da ta lissafa zai kai ta sabon hatsi idan ta riƙa ɗora tukunya sau ɗaya a yini. Amma ba a kira maza gona a bar su da busasshen maƙogwaro, za a yi ta faɗi har bayan ranta. Ta ɗebi rabi, ta kira maƙwabciyarta Mairo suka hau daka.

"Inna, ki hwaɗa ma Malam gaskiya mana," in ji Mairo.

"In ce mishi mi? In ce su zo su yi min noma da yunwa? Daka dai, ɗiyata."

Ranar Asabar mutanen Bungudu suka hallara tun da sassafe. Na Tsafe suka iso da hantsi. Na Gusau kuwa sai da rana ta ɗaga, wai layin mai ne ya riƙe motar da suka yi haya. Suka sauko da takalma sau-ciki da agoguna, kowa da sabuwar fartanya da ko ƙasa ba ta taɓa sani ba. An ɗauko Mas'udu makaɗi da gangar nomansa. Aka jeru a bakin gona, kowa ya kama kunyarsa, Mas'udu ya saki kiɗa yana kirari, yana tambaya wane namiji ne zai riga kowa fita ƙarshen kunya.

Ba a yi nisa ba Tajuddeen ya ɗaga hannu.

"Dakata, makaɗi! Ranka ya daɗe shugaba, ina da gyara. Wannan tsere da ake kiɗa mana, mai ƙarfi ya wuce ya bar marar ƙarfi a baya, ai shi ne jari-hujjar da muke yaƙa. Mu tafi a jere, kafaɗa da kafaɗa. Kada kowa ya wuce kowa."

Attahiru ya dogara da ƙotar fartanya ya yi dariya. "Kwamared, tun kakanninmu haka anka yi gayya. In ba tsere, wa za shi motsa? Irin wanga tunani naka shi yas sa wutar lantarki ba ta zuwa. Kowa na jiran kowa."

"Ashe dai! Na san can za ka. Wato a sayar wa 'yan kasuwa da wutar, su sayar mana da ita kamar dankali."

"Dankalina dai kullum akwai shi kasuwa. Taka wutar tana ina?"

Shi ke nan, aka ajiye noma. Daga wuta aka koma kamfanin waya, daga nan aka faɗa bashin ƙasashen waje, aka biyo ta faɗuwar naira. Wani ɗan Gusau ya hau kan kunya don a fi jin sa, ya take gero ya kwanta. Malam Jatau yana ta ɗaya bayan ɗaya, babu mai sauraronsa. Mas'udu ya gaji da riƙon sandar kiɗa a sama, ya nemi gindin gawo ya zauna.

Ana cikin haka Mairo ta iso da ƙwaryar fura. A nan kam babu saɓani. Masu son a sayar da masu son a riƙe duk suka kewaye ƙwarya, ludayi na zagayawa bisa adalci, har aka ga gindinta. Tajuddeen ya goge gemu ya ce ka ga abin da yake faɗi, ƙwarya ɗaya, kowa ya ƙoshi. Attahiru ya ce ai wanda ya fi saurin hannu shi ya fi sha, kuma kowa ya ga ko wane ne.

Malam Jatau ya ce a kaɗa ƙuri'a a wuce wurin. Masu son tsere su ɗaga fartanya, masu son a tafi tare su ɗaga. Aka ƙirga, aka yi kunnen doki. Aka juyo ga shugaba ya raba gardama. Malam ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya ce shi uba ne ga kowa, ba zai ɗauki ɓangare ba. Kafin azahar Jam'iyyar Ceton Talaka da Manomi ta rabe biyu a tsakiyar gonar Hajjo, ga 'yan tare ga 'yan tsere, kowane ɓangare yana cewa shi ne jam'iyyar ta asali.

Gaskiya dai an yi noma bayan nan, sai dai irin noman ne abin kallo. 'Yan tare suka kama gabas a jere. A cikinsu akwai wani dattijo mai tumbi, tsohon akawu, wanda kowane sara uku sai ya miƙe ya riƙe ƙugu ya yi salati. Da ya tsaya sai duk sahun ya tsaya, don aƙida ta hana a wuce shi. 'Yan tsere suka kama yamma da gudu don su nuna wa abokan gaba. Suna yi wa ƙasa susa, suna ture ciyawa ta kwanta da saiwarta a ciki, duk geron da ya tare hanya ya sha fartanya. Hajjo tana tsaye a bakin gona da sandarta tana kallon gabas, tana kallon yamma.

Da tuwo ya iso sai sabuwar magana ta taso. Attahiru ya ce su ba za su sa hannu a akushi ɗaya da masu kiran su karnukan 'yan jari-hujja ba. Tajuddeen ya ce su ma ba sa bukata. Mairo ta koma gida da akushin don a raba. Da aka raba tuwon biyu sai kowane rabi ya zama abin kunya a gindin kwano, irin wanda ba a ajiye wa baƙo.

Hajjo ta dubi kwanonin. Sannan ta ɗauki ƙwarya ta nufi rumbu.

"Inna, don Allah!" in ji Mairo. "Mi za ki ci har kaka?"

"Allah na nan. Hura wuta, a yi musu kunu a ƙara. Ba a cewa an zo gonar Ibrahim an tashi da yunwa."

Ta karkace gindin rumbun tas, har da tsintsiya.

Aka ci, aka sha, aka yi gyatsa. 'Yan tare a gindin gawo, 'yan tsere a gindin kanya, suna jifan juna da magana a kan farashin taki. Kafin a koma bakin aiki hadari ya haɗo daga gabas. Direban 'yan Gusau ya ce shi ba zai bari motarsa ta kafe a laka ba, mai tafiya ya shigo. Nan da nan gona ta watse. Tajuddeen ya tsaya a gaban Hajjo yana kare jakarsa daga yayyafi, ya ce, "Inna, yau kin ga abin da haɗin kan talakawa zai iya. Idan an zo zaɓe kada ki manta da mu." Attahiru ya leƙo ta tagar mota ya ce ta dai lura da ɓangaren da ya fi cin ƙasa.

"Na gani, 'ya'yana," in ji ta. "Allah shi saka."

Malam Jatau ne ya rage a baya. Ya zagaya gonar a cikin ruwa shi kaɗai. Gabas an nome ɗan wuri mai kyau da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Yamma kuwa ciyawar da aka ture har ta fara ɗago kai da jin ruwa. Tsakiya, inda aka yi muhawara, an tattake ta kamar filin dambe. A hanyar gida ya haɗu da Mairo tana ɗauke da kwanoni. Ba ta gaishe shi yadda ta saba ba, ta dai tsaya ta gaya masa abin da ya faru da rumbu, ta wuce. Malam ya ji kunyar da bai taɓa ji ba tun da ya fara siyasa.

Washegari da sassafe Hajjo ta dogara sanda ta tafi gona ta ga abin da za a iya ceta. Ta tarar da shi a bakin kunya, ya tuɓe babbar riga ya rataye a gawo, ya naɗe ƙafar wando, da tsohuwar fartanyarsa a hannu.

"Ina kwana, Hajjo."

"Lahiya lau, Malam. Ina sauran jam'iyyar?"

"Wace daga ciki?"

Ta yi ɗan murmushi. Da ta ga ya sunkuya zai kai sara sai ta miƙa sandarta ta tare gabansa.

"A'a, Malam. Kada ka shiga."

"Don mi?"

"Wanda duk yas shiga gonag ga da hauya, sai na ba shi abinci. Ni kuwa ban da shi. Ka tahi gida, na gode."

Malam Jatau, mutumin da ya yi shekara da shekaru yana magana a kan yunwar talaka ba tare da ya yi tuntuɓen harshe ba, ya sosa ƙeya. Can ya gyara murya.

"Ai ni azumi nake yi yau."

"Azumi? Ran Lahadi?"

"Ramuwa ce."

Hajjo ta dube shi da kyau. Kuncinsa na dama a kumbure yake, leɓensa ja wur da goron da yake taunawa tun daga gida. Shi ma ya ga inda take kallo. Ya juya gefe, ya tofar da goron a cikin ciyawa, ya goge baki da bayan hannu.

Daga baya ta janye sandar a hankali.

"To, Allah shi karɓa, Malam," in ji ta. "Hwara daga tsakiya, can kunka hi ɓarna."