Dutsen Sallama

Kwana tara ke nan da dawowar Auwal daga yaƙin Laberiya, amma bai tsallake ƙofar gidan uwarsa Delu ba. A rumfar da Delu take bandar kifi ya shimfiɗa tabarma, nan yake ci, nan yake kwana. Mutanen ƙauyen, da ba sa rasa ta cewa, suka ce girman kan soja ne, ya saba da bariki. Delu kuwa ta ga abin da kaji suke yi. In ya tashi zai tafi masallaci, kajin da ke gabansa ko gezau, sai na bayansa su watse su bar hanya mai faɗi, su daɗe ba su koma kiwo ba.

Ɗan farinta ne, don haka tun ranar suna bakinta bai taɓa furta sunansa ba, saboda alkunya. Shekara ashirin da shida tana ce masa Maikuɗi, ko da yake kuɗin har yau suna hanya.

"Maikuɗi, mi ya hana ka shiga ɗaki?" ta tambaye shi.

"Ɗakin ya yi muna kaɗan, Inna," ya ce, ya ci gaba da kallon tafki.

Wannan "muna" ita ta tsaya mata a rai. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba duk shekara biyun da ya yi a bakin daga. An yi addu'a, an sha rubutu, kaji ba su sake shawara ba. Sai ta ɗauki mayafi ta nufi wurin Cindo, wan marigayi mijinta, tsohon masunci mai yatsa shida da taurin kai.

Mutanen Delu 'yan gungu ne, tsibiri a tsakiyar kogin Kwara. Da aka datse ruwa a Kainji, tsibirin ya nutse da gidajensa da kaburburansa, gwamnati ta zuba su a gaɓa ta ƙasar Ngaski, lokacin Auwal yana goye. A ƙarshen tsohon gungun akwai wani baƙin dutse da ake kira Dutsen Sallama. A da, wanda ya dawo daga yaƙi ba ya shiga gida sai ya tsaya cikin ruwa iya ƙugu, ya dafa dutsen, ya kira sunan duk wanda ya kashe, ya ce ya sallame shi. Wanda aka kira sunansa sai ya kama hanyarsa. Wanda ba a kira ba, mutum zai bi.

"Yaya, an ce bana ruwa ya ja baya har kan dutsen ya hito," in ji Delu.

Cindo ya murza ƙaramin yatsansa na shida. "Ya hito. Amma ki bari, Delu. Ba irin wanga yaƙi anka aje dutsen nan dominai ba."

Ba ta bari ba. Delu in ta kafe, gara ka ja da tushen gawo. Washegari da hantsi suka shiga jirgin Cindo su uku.

Ko da suka bar gaɓa ta lura. Mace ce da ta girma a jirgi, ta san nauyin buhun gero da ido. Mutum uku ne, ba kaya, ga shi ruwa ya kusa leɓen jirgin, saura yatsa biyu ya shigo. Cindo yana tuƙi yana haki, jijiyoyin wuyansa sun miƙe. Shi ma ya gani. Rana ta take, babu iska, babu ko tsuntsu, kututturan bishiyoyin da suka nutse sun leƙo farare fat.

Don ya kore shirun, tsohon ya kama labari. Ya ce zamanin kakansa da baka da kibiya ake yi, kuma wanda za ka harba ka san shi, ka san ubansa, watakila kun taɓa cinikin kifi a kasuwar Yelwa. Kakan nasa mutum uku ya kashe duk rayuwarsa, ya kira su a dutsen, bayan shekara ya aika wa matansu da gishiri. Da wan shi Cindo ya dawo daga yaƙin Bama kuwa, bindiga ce, bai san suna ba, amma ya ga fuska. Sai ya ce mai tabo a goshi, ya ce gajere mai kuka, dutsen ya karɓa a haka.

"To kai kuma mi ka zo muna da shi?" ya tambayi Auwal.

Ana haka suka iso. Dutsen ya fito kamar bayan saniya, ruwan kewaye da shi a kwance lumui. Auwal ya tuɓe riga, ya sauka, ruwa ya kai masa ƙugu, ya ɗora tafinsa.

"Kira su," in ji Cindo.

"Ban san su ba, Baba."

"To hwaɗi kamanninsu."

"Ban gan su ba. Igwa nika harbawa. Lamba aka karanto muna ta rediyon oba-oba, mu saita, mu saki. Abin shina tsallake daji shi hwaɗi inda ko hayaƙi ba mu hange."

"Su nawa na?"

"Ban sani ba. Wata rana mun bi ta wani gari bayan kwana biyu. Na ga takalma ƙanana."

Cindo ya sunkuyar da kai. Delu ta ji tausayin ɗanta ya cika mata ƙirji, ta kuma ji haushin duk wanda ya ƙera makamin da zai sa mutum ya yi kisa bai ko san wanda zai nemi gafararsa ba. Ta buɗe baki za ta ce ya fito a koma, sai ta ga leɓen Auwal yana motsi.

"Suna guda na sani cikin waɗanda sunka mutu can," ya ce a hankali. Ya gyara tafinsa a kan dutsen. "Auwalu ɗan Delu, na sallame ka."

"Kai!" in ji Cindo, amma magana ta riga ta fita.

Ruwa bai motsa ba. Auwal ya hawo jirgi, ya sa rigarsa, ya zauna ya ɗora hannu a gwiwa. Fuskarsa ta washe, duk ƙuncin nan ya tafi, har Delu ta fara hamdala a ranta. Cindo ya tura jirgin, jirgi ya zabura kamar ɓawon gyaɗa.

Ta leƙa gefe. Ruwa ya sauka ƙasa sosai, ya bar jiƙaƙƙen katako fiye da taƙi. Baƙin da suka biyo shi daga yaƙi sun sauka, sun bi sunan da aka sallama. Ta sake dubawa da kyau, da idon nan nata da ba ya kuskuren buhu. Nauyin mutum biyu ne a jirgin.

"Maikuɗi," ta ce. Bai juyo ba. Ta kama wuyan hannunsa, da ɗumi, jini yana bugawa. Ta girgiza shi. Yana ta kallon gaɓa da ɗan murmushi, kamar fasinjan da bai san kowa ba.

Delu ta ƙara riƙe hannun. A gaban wan mijinta, da rana tsaka, ta ajiye kunyar shekara ashirin da shida.

"Auwal."

Sunan ya fito mata baƙo a harshe. Na cikin jirgi bai ko ƙifta ba.

"Na'am, Inna."

Daga baya amsar ta zo, daga wajen dutsen, ƙasa-ƙasa a kan ruwa. Cindo ya daskare da filafilin tuƙi a sama.

"In ya taho, su ma za su taho," in ji Cindo. "Ba su da wani suna da za su bi sai nashi."

Delu ta yi tunanin ɗakinta, da ƙanƙantarsa, da takalman nan ƙanana. Ba ta saki hannun ba.

"Su taho," ta ce. "Sai a ƙara rumfa. Ja a hankali, Yaya, kar ka bar shi baya."

Ta juya ta fuskanci dutsen, ta sake kira. Aka amsa, kusa kaɗan. Ta kira na uku. A gefen jirgin, ruwa ya fara hawa katako.