Jinin Uda

A cibiyarmu ta binciken cututtukan dabbobi, can bayan Maikunkele, ba a taɓa bin wata ƙa'ida har ƙarshenta ba. Firjin da muke ajiye samfurin jini, a cikinsa ake sanyaya zoɓo. Safar hannu kuwa, na taɓa ganin wani ya wanke tasa ya shanya a taga. Ni Rekiya na yi faɗa har muryata ta dishe. Daga ƙarshe shugaban cibiyar, Farfesa Ndatsu, ya ce tunda bakina ba ya gajiya, in tara ma'aikata in koya musu yadda ake kare kai daga cuta a wurin aiki. Na tara su. Rabi suka yi barci, rabi suna jiran a raba lemo. Mutum ɗaya ce ta saurare ni da gaske, Madam Rose, shugabar kwamitin tsafta, kuma ranar har addu'a na yi mata.

Aikina na digirin dokta a kan sammore ne, cutar da ƙudan tsando ke sa wa shanu. Na tashi ina ganinta a garken mahaifina, Baffa Buba: saniya tana cin ciyawa tana ramewa, har ta kwanta. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, jikin saniya yana da dakarunsa, wato fararen ƙwayoyin jini, amma sai su yi lakwas a gaban wannan cuta. A cikinsu akwai masu kai hari, akwai kuma masu cewa "ya isa haka" don kada jiki ya yaƙi kansa. Zargina shi ne ƙwayar sammore tana fitar da wani sinadari, irin wanda ake kira furotin, da ke zuga masu cewa "ya isa", su tsayar da yaƙin tun ba a fara ba.

To amma zargi ba ya ba mutum digiri. Sai na nuna furotin ɗin maƙale a jikin ƙwayoyin, kuma ko da madubin ƙara girma ba a ganinsa haka kawai. Sai da antibodi, wani abu da jiki ke ƙerawa don ya gane baƙo guda ɗaya tak ya manne masa. Idan ka samu antibodin, ka haɗa shi da rini mai ƙyalli, duk inda furotin ya ɓuya zai haskaka kore. Babu kamfanin da ke sayar da irin wanda nake nema. Hanyar da ta rage ita ce in yi wa dabba allurar furotin ɗin kaɗan-kaɗan, wata da watanni, jikinta ya ƙera mini antibodin, in ɗebi jininta in tace.

Furotin ɗin wata tsohuwar malamata ce ta tace shi a ƙasar waje, ta aiko mini dab da za ta yi ritaya. Ɗan ruwa ne a gindin kwalba, bai kai cokalin shayi ba, kuma babu wani a bayansa.

Dabba kuma Baffa na roƙa. Ya shiga garke, ya fito da Uda, rago mai baƙin gaba da farin baya, wanda uwarsa ta mutu ya shayar da shi da hannunsa.

"Aro na ba ki," in ji shi. "Ki ɗebi jinin da za ki ɗiba, ki dawo mini da shi a kan ƙafafunsa."

Na gina wa Uda keji a bayan ɗakin gwaji, na kewaye shi da raga don kada ƙuda ya cije shi ya ɓata mini aiki. Dusa, harawa, ƙaiƙayin wake, ruwa mai tsabta, kullum ina auna zafin jikinsa. Ni da kaina nakan wuni da garin kwaki, amma Uda bai taɓa tsallake kalaci ba. Kafin a ce me, rago ya cika ya batse, gashinsa sai sheƙi yake yi.

Nan fa masoya suka fito. Mutanen da ba su taɓa sanin hanyar bayan ɗakin gwaji ba suka fara biyowa ta nan don shan iska. Wani ya tsaya ya ce, "Kai, Malama, wannan ai ya wuce bincike." Wani ya tambaye ni, wai idan an gama da jinin, ina ake kai sauran? Ga bikin ƙarshen shekara na ma'aikata ya matso, kuma kwamitin biki ba shi da nama. Wata safiya na tarar da sakataren kwamitin ya zura hannu yana matsa cinyar Uda. Wallahi sai da na ga duhu-duhu.

Na kai kukana wurin Yona, abokin aikina da muke raba teburi ɗaya. Mutumin kirki ne, amma ba ya iya ganin matsala ya bar ta da girmanta.

"Ki bar mini su, Hajiya," in ji shi. "Mutanen nan ba sa jin roƙo. Tsoro suke ji."

Bai gaya mini abin da zai yi ba. Ashe wurin mai abinci ya tafi, ya zauna, ya sayi shinkafa, ya ce a hankali kamar mai sirri, wai ragon nan cutar sammore ake sa masa ta allura. Da na ji, na same shi na ce, "Yona, furotin ne kawai, ko sauro ba zai kashe ba." Ya ce shi ma ya sani, amma in leƙa bayan ɗaki in gani. Na leƙa. Babu kowa. Masu shan iska sun koma shan ta a gaban ofis.

Sai dai labari ba ya tsayawa inda aka ajiye shi. A bakin mai abinci sammore ce. Da ya isa wurin direbobi, ya zama cutar da ke kama mutum. Da ya zagayo ta bakin masu gadi, wai ko numfashin ragon ka shaƙa sai an kwantar da kai, shi ya sa aka rufe shi da raga. Mai shara ta daina share bayan ɗaki. Wata mata ta gan ni a kasuwa ta janye ɗanta. Na yi ta bayani, amma duk wanda na ce wa lafiyar ragon ƙalau, sai ya gyaɗa kai ya ja da baya.

Ana cikin haka na ɗebi ɗan jini kaɗan na gwada. Na kashe fitila, na sa ido a madubi, sai ga ɗigo-ɗigon kore a gefen ƙwayoyin, daidai inda na yi zato. Hasken bai yi ƙarfi ba tukuna, amma yana nan. Na zauna a ƙasa na yi kuka, Yona yana ta tsalle kamar shi ya haifi ragon. Sai na yi wa Uda allurar ƙarshe da ragowar furotin ɗin duka, har na ɗauraye kwalbar. Abin da ya rage shi ne in jira 'yan kwanaki antibodin ya yi yawa a jininsa, sannan in ɗebi mai isa ta aiki.

A cikin kwanakin jiran ne aka ce baƙi za su zo, masu ba da tallafin bincike daga ƙasar waje. Cibiya ta rikice. Aka shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, aka fitar da zoɓo daga firji, aka sayo wa kowa farar riga. Farfesa ya ce ni zan raka shi Abuja mu taho da su, tunda aikina ne abin nunawa. Na bar wa Yona amanar Uda, na shiga mota.

Muna hanyar dawowa da baƙi, mun wuce Suleja, wayar Farfesa ta yi ƙara. Ina zaune kusa da shi.

"Eh, Madam Rose... Dabba mai cuta? A cikin harabarmu? Yau da baƙi ke zuwa?" Ya rage murya don kada na baya su ji. "To me kuke jira? Ku bi ƙa'ida. Yadda Rekiya ta koya muku, kada ku tsallake komai."

Ya kashe waya ya dube ni yana murmushi. "Kin gani? Wahalarki ba ta tafi a banza ba."

Ni ma na yi murmushi. Na ɗauka wata akuyar ƙauye ce ta shigo ta faɗi, don suna yawan yi. Wayata tana cikin jaka, na kashe mata ƙara, saboda Farfesa ya ce ba ya son ƙarar waya a gaban baƙi. Tun daga nan har Minna ina yi wa wata Baturiya bayanin ƙwayoyin da ke cewa "ya isa haka", da yadda jiki ke hallaka kansa idan babu su. Ta ce bayanin ya burge ta ƙwarai.

Da muka shiga ƙofar cibiya, Yona na fara gani, zaune a kan dakali, farar rigarsa duk jar ƙasa. Bai tashi ba. Na bar baƙi a tsaye na nufi bayan ɗaki da gudu.

Kejin a buɗe yake, an wanke shi da bilic har ƙamshin yana hawa kai. Can gefen katanga ga sabuwar ƙasa an tara, an zagaye ta da jan ƙyalle. Madam Rose tana tsaye a wurin da takalmin roba, da safar hannu biyu-biyu, da takunkumi a fuska. Duk abin da na koyar, yana jikinta.

"Malama, sannu da hanya," ta ce, muryarta cike da jin daɗi. "Ba mu bar komai ba. Rami ya fi tsayin mutum. Farar ƙasa a ƙasa, farar ƙasa a sama. Jinin ma, a cikin ramin aka yanka ragon, muka bi da bilic jarka guda. Ko ɗigo bai tsira ba."

Ko ɗigo bai tsira ba. Ni na faɗi wannan magana a ranar koyarwa, har na buga teburi.

Yona ya iso bayana. "Na rantse musu, Hajiya," in ji shi. "Na ce ƙarya na yi, ni na ƙirƙira. Na kwanta a ƙofar kejin. Suka ce ai dole in kare ki, tunda abokiyar aikina ce ke. Na kira ki har wayata ta mutu."

"Da bakinsa ya faɗa tun farko," in ji Madam Rose. "Yanzu kuma don baƙi sun zo zai canja?"

Sai ga Farfesa ya iso da baƙin. Ya dubi kejin, ya dubi ramin, ya dube ni, na ga lokacin da ya gane ko wace dabba ce. Fuskarsa ta yi fari-fari. Amma Baturiyar nan ta riga ta fara tambaya, Madam Rose kuma ta fara jero matakai ɗaya bayan ɗaya. Baƙi suka fito da wayoyi suna ɗaukar hoton ramin. Babbansu ya ce ya zaga cibiyoyi da yawa, bai taɓa ganin inda ake ɗaukar tsaron lafiya da muhimmanci haka ba. Ya tambayi wanda ya horar da ma'aikatan. Farfesa ya nuna ni. Aka yi mini tafi, har da masu shan iska.

A wurin cin abinci aka sanar cewa za a ba cibiya tallafin gina sabon wurin ƙona mushe, kuma ni ce zan shugabanci kwamitin. Babu wanda ya tambayi antibodi. Naman da aka ci na kaji ne.

Washegari na kwance igiyar Uda daga jikin kejin, na hau babur zuwa gida. Na tarar da Baffa a gindin mangwaro yana gyaran sanda. Ya ga igiya a hannuna, ya duba bayana, bai ga komai ba. Na durƙusa na gaya masa duka, tun daga mai abinci har zuwa tafi. Raina yana ƙuna, ina jin kunyarsa kamar in nutse.

Ya karɓi igiyar yana juya ta a hannu.

"Su masu bikin nan da kika ce suna son sa," ya ce, "da sun samu, yanka shi za su yi?"

"Yanka shi za su yi, Baffa."

"A gabanki?"

"Ai da ba zan matsa daga wurin ba."

"To da sai ki tara kwano," in ji shi. "Ke ki samu jininki, su su samu namansu. Ni kaɗai zan yi asara."

Ban taɓa kawo wannan a raina ba, ko sau ɗaya. Baffa ya naɗe igiyar ya sa a aljihu, ya tashi ya nufi garke, inda wata jar saniya ke tsaye ƙasusuwan haƙarƙarinta a waje, tana cin ciyawa.